Wa Zai Kunna wa Hajiya Kaset?

A falon gidanmu da ke Gyallesu akwai wani kabad mai ƙofar gilashi da ya haura shekara talatin a kusurwa guda. A da shi ke ɗauke da talabijin da na'urar bidiyo. Yanzu talabijin ta koma jikin bango, na'urar ta daɗe da mutuwa, amma kabad ɗin na nan da kayan cikinsa: kaset-kaset na bidiyo a jere a ƙasa, faya-fayan CD a tsakiya cikin ledojinsu, sai wani tsohon gwangwanin alewa a sama, cike da memori da filash waɗanda ba wanda ya tuna abin da ke kansu.

Da Babbar Sallar da ta wuce, bayan an natsa daga hidimar nama, mahaifiyarmu ta ce a ɗauko mata kaset ɗin bikin babbar yayarmu, na 1996. Ba bikin take son gani ba. A cikin kaset ɗin akwai inda marigayi mahaifinmu ya tsaya a ƙofar gida yana yi wa baƙi godiya, kuma nan ne kaɗai muryarsa da motsinsa suka rage mana a duniya. Na ƙirga wayoyin da ke falon a daren nan, tara ne, kowacce tana iya nuno abin da ake yi a Makka a daidai wannan lokaci. Babu ko ɗaya da za ta iya kunna abin da ke hannun Hajiya. Ta jujjuya kaset ɗin, ta dube mu, ta ce, "Duk bokon nan naku, a ce an rasa mai kunna mini kaset?"

Irin wannan kabad yana nan a gidaje da dama a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni, kuma jerin kayan cikinsa tarihi ne na yadda kallo ya shigo gidan Bahaushe, da yadda ikon kunna shi ya riƙa sauya hannu. Wanda ya san wannan tarihi zai fi gane abin da ya kamata ya ceto, da kuma yadda zai tsara shi don iyalinsa su amfana.

Lokacin da kallo na waje ne

Kakanninmu ba su san fim a matsayin abin da ake mallaka ba. Majigi suka sani. A 1939 Turawan mulkin mallaka suka kafa sashen shirya fina-finai na ƙasashen da suke mulka, motocin majigi kuma suka riƙa zaga garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi bayan magariba, a nuna tsafta da rigakafi da noma da labarun gwamnati, mai sharhi yana bayani da Hausa ta lasifika. Baban Larai, na 1955, wanda ke koyar da sababbin dabarun noma, yana cikin waɗanda tsofaffi suka daɗe suna ambato. Da an gama, mota ta naɗe ƙyallenta ta yi gaba.

Silimar kuɗi kuma ta 'yan kasuwar Labanan ce. An buɗe Rex a Kano a 1937, daga baya Palace ta biyo a cikin birni a farkon shekarun 1950, abin da ya tayar da ƙura tsakanin malamai da masu mulki. A waɗannan gidaje ne Hausawa suka saba da fina-finan Indiya, har yara suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba. Sai dai silima ta yi suna a matsayin matattarar marasa kamun kai. Matar aure ba ta zuwa, ɗan mutunci kuma in ya je ba ya so a gan shi. Rabin al'umma ke nan, wato mata, labarin fim kawai suke ji a bakin ƙannensu.

Talabijin ce ta fara tsallake zaure. Tashar Kaduna ta fara aiki a 1962, kuma da tafiya ta yi nisa gidajen Zariya suka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, suka san ɗan garinsu Kasimu Yero a Karambana da kuma wasan Magana Jari Ce, littafin da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya. Amma lokaci na tasha ne. In an ɗauke wuta, ko baƙi sun yi sallama ana tsakiyar wasa, wannan mako ya wuce ke nan.

Kaset ya shigo ɗaka

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, kuma VHS ne ya ci kasuwa. Fitowarsa ta zo daidai da shekarun da kuɗin man fetur ke yawo a Najeriya, ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin Udoji, kujerar Makka kuma ta zo kusa da hannun mai matsakaicin ƙarfi. A unguwa irin Gyallesu, mai maƙwabtaka da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin horar da malamai, ma'aikata da malaman makaranta na cikin waɗanda suka fara ajiye na'urar a falo, wasu tsarabar aikin Hajji ce. Da farko abin da ake sakawa Indiya ne da 'yan Cana masu faɗa da wa'azi, sai abin da aka naɗa daga talabijin.

Daga nan kyamara ta sauko hannun talaka. Mai ɗaukar bidiyo ya zama ɗaya daga cikin masu hidimar biki, kamar maroƙi da mai kiɗa: ɗaurin aure, kamu, suna, saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau zamanin Sarki Shehu Idris. Wannan ne karo na farko da gidan Bahaushe ya iya ajiye motsin mutanensa da muryoyinsu.

Da irin wannan kyamara masana'antar fim ta Hausa ta tashi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake ƙirga farkon masana'antar Kudu da shi. Gimbiya Fatima ya biyo a 1992, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya tashi daga littafi ya koma kaset. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 harka ta bunƙasa har ta samu mujallunta: Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, inda sunan Kannywood ya fara bayyana, da Fim ta Ibrahim Sheme, wadda ta fara fita a 1999. Sangaya da Wasila suka kafa salon soyayya da waƙa da rawa. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai.

Yadda ake sayar da fim a wancan zamani yana da muhimmanci ga duk mai kaset a gida yau. Mai fim ba ya buga kaset da kansa. Yakan kai uwar kaset ga 'yan kasuwa, irin na Ƙofar Wambai a Kano, ya buga kwalaye masu hoton jarumai ya sayar musu. Su kuma su jera na'urori su yi ta kwafa a kan kaset marar komai, su zura a kwali. Wato kwalin shi ne hajar mai fim. Yawan kwalin da ya sayar shi ne yawan kuɗinsa. Kaset kuwa duk kwafin da aka yi daga kwafi sai hoto ya ƙara dishewa, launi ya zube, murya ta shaƙe. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa Signal and Noise a 2008, ya nuna cewa wannan hanya an gaje ta ne daga masu kwafar fina-finan Indiya da na Amurka ba da izini ba, kuma disashshen hoton ya zama abin da ido ya saba da shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya rubuta tarihin wannan zamani dalla-dalla.

Abin da kaset ya yi wa gida ya fi abin da ya yi wa kasuwa. Ya kai fim har ɗakin matar da ba ta taɓa taka silima ba, kuma mata suka zama ƙashin bayan masu kallo. A aiki yaro shagon haya ya karɓo, a shimfiɗa tabarma, maƙwabta su shigo, yaran unguwa su yi cincirindo a taga. Ga shi kuma kunna shi ba ya bukatar ilimi. An rubuta sunan abin da ke ciki da biro a gefensa, ka tura shi cikin na'ura, ka danna maɓalli ɗaya. Kakarmu, wadda ba ta yi boko ba, tana gane kaset ɗin tafsirinta da jan zaren da ta ɗaura masa, kuma ba ta taɓa neman jika ya kunna mata ba.

Faifai mai ƙyalli

Kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka amince da tsarin VCD a 1993. Bai yi tasiri a Turai da Amurka ba, amma ya mamaye Asiya, kuma a farkon shekarun 2000 na'urorinsa masu araha daga Cana suka cika kasuwanninmu. Faifai ya fi kaset sauƙin ɗauka da sauƙin kwafa, ba a mayar da shi baya, kuma kwafinsa bai rage komai daga na asali. Sai dai minti 74 zuwa 80 kawai yake ɗauka, alhali kaset na yau da kullum yana cin sa'a uku. Bayansa DVD ya zo, har da irin wanda ake cusa wa fim goma ko ashirin a faifai guda, hoton duk ya dagule.

An ɗauka faifai ba ya mutuwa. Ashe mutuwarsa ta fi ta kaset muni. Kaset a hankali yake tsufa, yana dishewa amma ana gane fuska. Faifai kuwa da ya karce sai hoto ya tsaya cak, ya farfashe, na'ura ta ce babu komai a ciki. Wanda aka ƙona a shago ya fi saurin lalacewa, domin bayanan suna kan wani siririn rini ne da zafi da hasken rana ke cinyewa, ba kamar na kamfani da ake bugawa da inji ba.

A wannan zamani ne gidaje da yawa suka yi asarar da ba su lura da ita ba. Aka riƙa kai kaset ɗin biki shago a juye shi a faifai, sannan a watsar da kaset ɗin, ko a bar wa mai shago. Mu ma mun yi. Kaset ɗin sunan ƙanena na sa'a biyu da wani abu ne. Mai shagon ya datse shi ya dace da faifai ɗaya bai gaya mana ba, ya ɗora masa kiɗan fiyano a kan muryoyin mutane. Sai bayan shekaru muka gane cewa wurin da kakarmu ke yi wa jariri addu'a yana cikin abin da aka yanke. Kaset ɗin bikin 1996 ya tsira ne kawai don Hajiya ta hana a fita da shi.

Masu turi da zamanin waya

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Cikin shekara goma ta tashi daga abin kira ta zama abin kallo. Sana'ar turi ta kafu: matashi da kwamfuta a ƙaramin shago ko ƙarƙashin lema, ka miƙa memori ya loda maka fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Daga wayarka kuma su bi Bluetooth, daga baya Xender, su shiga wayar abokinka kyauta. Fina-finan Indiya da aka yi wa fassarar Hausa, irin na Algaita, ta wannan hanya suka game ƙasa.

Kasuwar faifai ba ta jure ba. Kwalin da mai fim ke rayuwa a kansa ya rasa mai saye, shagunan haya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Masu shirya fim suka nemi wata mafita: tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, wasu kuma suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin Izzar So, inda talla ke biyan abin da mai kallo ya daina biya.

Ba a taɓa samun yalwar abin kallo kamar yau ba. Amma abubuwa uku sun salwanta a hanya. Na farko taro: kowa ya koma kan wayarsa da abin kunne, falo ya yi tsit. Na biyu mallaka: abin da ke YouTube aro ne, mai tashar na iya sauke shi gobe, kuma duk kallo sai an sayi data. Bidiyon bikin bana yana warwatse a wayoyi goma, in an sace waya ko an goge ta, ya tafi. Wanda aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi har ya rage kyau. Na uku shi ne wanda Hajiya ta yi kuka da shi. Tsohuwar da ke kunna kaset da kanta yanzu sai ta jira jika ya dawo daga makaranta, ya buɗe waya da lambar sirri, ya lalubo fayil mai suna da jerin lambobi.

Lokaci na ƙurewa

Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Duk wadda ke aiki yau tsohuwa ce, kayan gyaranta sai an ciro daga wata matacciya, masu gyaran kuma suna tsufa. Tun a 2015 ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasar Ostareliya ta yi gargaɗin cewa kaset ɗin da ba a juye ba zuwa 2025 mai yiwuwa ya tafi har abada, kuma a 2019 UNESCO ta ƙaddamar da shirin faɗakarwa a kan wannan haɗari. Shekarar da suka ambata ta riga ta zo.

Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo. Danƙon yana shan laima, ya yi laushi, garin ya fara zubewa. Yanayinmu kuwa kamar da gayya: laimar Agusta ta haifar da funfuna, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, zafin bazara ya gasa abin da aka ajiye ƙarƙashin kwano.

Kada a zaci hukuma na riƙe da kwafin komai. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. In fim ɗin littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga wanda wasu matasa suka haɗa kuɗi suka ɗauka da kyamarar biki a 1995? Ba abin mamaki ba ne a ce kwafin da ya rage na wani tsohon fim, ko na wani wasan Mamman Shata a gidan biki, yana cikin kabad ɗin wani gida a Tudun Wada.

Zariya ta san irin wannan aiki. A shekarun 1960 masu binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello sun bi gidajen malamai suna neman rubuce-rubucen hannu da ke cikin gafaka, kuma da su aka sake rubuta tarihin ƙasar nan; Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970 ya ci gaba da wannan hidima. Takarda ta jira shekara ɗari biyu kafin a zo neman ta. Kaset ba shi da wannan haƙuri.

Yadda muka yi

Mun fara da rarrabewa. Kashi ɗaya na kasuwa, wanda akwai irinsa a wani wuri. Kashi ɗaya na gida, wanda in ya tafi babu madadinsa. Na gida muka sa a gaba. Duk kaset ɗin da muka hango fari-fari a jikin zarensa ta tagar ledar, muka ware shi, domin saka mai funfuna a na'ura yana ɓata kanta, ya kuma shafa wa na bayansa. Irin wannan sai mai gyara ya buɗe ya tsabtace.

Na'ura mai rai muka samo aro, aka gwada ta da kaset ɗin da ba mu damu da shi ba, don kada ta tauna mai daraja. Akwai wata 'yar na'ura mai araha da ke karɓar wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, ta miƙa hoton ga kwamfuta. Aikin ba ya gaggawa: kaset na sa'a uku sa'a uku zai ci, don haka sai an tanadi wutar da ba za ta yanke ba. Wanda zai kai shago ya kafa sharaɗi uku: kada a yanke komai, kada a ɗora kiɗa, a kuma dawo masa da kaset ɗinsa. Faifan VCD ya fi sauƙi, domin bidiyon yana cikinsa a matsayin fayil, a wata jaka mai suna MPEGAV. Kwafe shi kawai ake yi. Na DVD kuma manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana juya shi. Duka muka mayar da su MP4, wanda kusan kowace talabijin da waya ke karantawa, muka kuma adana na asalin yadda ya fito. Bidiyo irin na kaset yakan ci kimanin gigabait ɗaya a sa'a, don haka rumbun ajiya mai terabait ɗaya ya ishi kabad ɗin gida har da saura.

Suna shi ne rabin aikin. Jaka huɗu muka yi, da Hausa: Biki da Suna, Sallah, Karatu, Fina-finai. Kowane fayil ya fara da shekara, sannan abin da ya faru da wurin. Mun bar ƙugiyar haruffa a sunayen, saboda wasu talabijin ba sa nuna ta daidai. In fayil ya haura gigabait huɗu, filash mai tsarin FAT32 ba zai karɓe shi ba, sai a raba shi biyu ko a sauya tsarin zuwa exFAT in talabijin ɗin na gane shi.

Ƙanena ya so mu kafa Plex ko Jellyfin, manhajojin da ke mayar da kwamfuta ɗaya rumbun gida, kowa ya kalla daga wayarsa da hotuna a jere kamar shagon haya. Tsari ne mai kyau ga gidan da ke da sola da mai kula da shi. Amma yana bukatar kwamfutar da ba ta mutuwa, kuma ranar da ya tsaya sai an kira wanda ya kafa shi daga Abuja. Ma'auninmu ɗaya ne: Hajiya za ta iya kunnawa ba kowa a gida? Saboda haka muka soke filash a bayan talabijin muka bar shi can, muka shafa jan farce a maɓallan rimot uku da take bukata, muka rubuta jerin abin da ke ciki da manyan baƙaƙe muka manna a ƙofar kabad.

Filash ba ma'aji ba ne. Yana mutuwa ba sallama, musamman in ya daɗe a ajiye. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Namu ɗaya na Gyallesu, ɗaya na Kaduna wurin yayarmu, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Mun sa kowace Babbar Sallah ta zama ranar duba su. Kaset-kaset ɗin kuma suna nan a tsaye a kabad, nesa da rana da lasifika.

Amana

Akwai abin da kaset ke yi wanda ba mu lura da shi ba sai da muka rabu da shi: yana tsare sirri. Bidiyon kamu, inda mata ke rawa a tsakar gida ba mayafi, an ɗauke shi ne bisa fahimtar cewa a ɗaka zai zauna, kuma mai son gani sai ya zo ya yi sallama. Da ya zama fayil, dannawa ɗaya ta isa ta kai shi TikTok. Matan da ke ciki yau iyaye ne da kakanni, wasu sun rasu, kuma ba wadda aka tambaya. Mun yanke cewa irin wannan ba ya hawa waya, ba ya shiga zauren WhatsApp na dangi, kuma mace ce ta zauna a gaban kwamfuta lokacin juye shi.

Fina-finan kasuwa kuma suna da masu su. Tarihin da ya gabata ya nuna yadda kwafa ba izini ta durƙusar da mutanen da suka ba mu Sangaya da Wasila, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Wanda mai shi ya ɗora a tasharsa, a kalle shi can don ya samu ladan guminsa. Wanda ka ga alamar ya ɓace daga kasuwa, ka nemi mai shi ko magadansa ko wata jami'a ka sanar da su kana da kwafi. Wataƙila su ma nema suke.

Ranar da aka gama, bayan isha'i, Hajiya ta karɓi rimot ta danna jajayen maɓallanta da kanta. Hoton ya yi rawa, launin ya koma ruwan ƙasa, ga kwanan wata na lilo a kusurwa. Sai ga Baba a ƙofar gida cikin farar babbar riga, yana gyara hula, yana cewa Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Bai kai minti biyu ba. Ta sa aka mayar sau uku, ba wanda ya yi magana.

Daga nan kyamara ta juya kan taron, sai ta fara nuni da yatsa: wannan wane ne, limamin unguwa na lokacin, waccan ƙanwar kakarku ce da ta zo daga Soba, wancan yaron mai rarrafe kai ne. Fiye da rabin fuskokin babu wanda ya san su a cikinmu sai ita. Na tashi na ɗauko littafi da biro, na ce, "Hajiya, a dakata, a koma farko." Muka kai sha biyun dare tana faɗa ina rubutawa, da minti da sunan kowa.